BABI NA UKU: WA'ADIN TAKARDAR AWON GILASHIN MANNE DA ƘA'IDOJIN SANYA SHI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Birnin Gwari da matsayin Kutemeshi a gabashinta, da kuma ire-iren ciwon ido da jama'ar yankin suka saba da su, kamar hakiya da yana da dundumi da afolo. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan wani abu baƙo, wanda hanyar shigowarsa karkara ita ce hannun 'yan makaranta da ma'aikata da masu yi wa amare kwalliya, wato ɗan faifan nan da ake ɗora wa ƙwayar ido kai tsaye a maimakon tabarau. Mutanen birni suna ce masa kontak. A cikin wannan aiki za a riƙa kiransa gilashin manne, ko da yake galibinsa a yanzu wata irin roba ce mai taushi. Abin da babin zai yi ƙoƙarin warwarewa shi ne tsawon lokacin da takardar awon wannan gilashi take aiki, da dalilin yanka mata wa'adi, da kuma abin da wa'adin yake nufi ga mutumin da ke zaune nesa da asibitin ido.

3.1 Asalin Gilashin Manne da Wurin Zamansa a Ido

A shekarar 1888 ne wani likitan ido mai suna Adolf Fick, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ya wallafa bayanin gwajin da ya yi na ɗora gilashi a kan ƙwayar ido. Nasa gilashi ne na gaske, mai nauyi, ya rufe har farin ido, kuma ba a iya jure shi sai na 'yan sa'o'i. A 1948 Kevin Tuohy na Amurka ya fito da ƙarami na roba mai tauri. A 1961 Otto Wichterle, masanin haɗa sinadarai a tsohuwar ƙasar Cekosulobakiya, ya samo hanyar sarrafa mai taushi wanda ke shan ruwa, kuma shi ne kamfanin Bausch & Lomb ya fara sayarwa a Amurka a 1971. Daga 1987 aka fara samun wanda ake sawa mako ɗaya ko biyu a yar, sannan a tsakiyar shekarun 1990 aka samu na yini ɗaya.

Domin a fahimci abin da zai biyo baya, wajibi ne a san wurin da gilashin yake zama. Abin da Bahaushe ke kira baƙin ido, akwai wani tantani garai-garai da ya lulluɓe shi ta gaba, tamkar gilashin da ke rufe da fuskar agogon hannu. Likitoci suna kiran wannan tantani koniya. Kaurinsa bai wuce kimanin rabin milimita ba, kuma babu jijiyar jini a cikinsa, domin da akwai da haske bai ratsa shi sosai ba. Tun da jini ba ya kai masa iskar oksijin, to daga sarari yake shaƙarta ta cikin hawayen da ke jiƙa shi. Ke nan duk abin da aka ɗora a kansa ya shiga tsakaninsa da numfashinsa. Tabarau yana rataye ne a hanci da kunnuwa, bai taɓa ido ba. Gilashin manne kuwa yana kwance a kan nama mai rai tun safe har dare.

3.2 Abin da Takardar Awo ta Ƙunsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar takardar awon tabarau a je a sayi gilashin manne da ita. Takardun biyu ba ɗaya ba ne. Ta gilashin manne tana ɗauke da ƙarfin gilashin na kowane ido, wanda ake aunawa da ma'aunin diyofta, da alamar ɗebewa ga wanda ba ya ganin nesa, ko alamar tarawa ga wanda ganin kusa ya fi ba shi wahala. Bayan wannan akwai lanƙwasar cikin gilashin, wadda a jikin kwali ake rubuta ta da haruffan BC, galibi tsakanin milimita 8.3 da 9.0. Akwai faɗinsa, mai haruffan DIA, wanda a gilashi mai taushi yakan kasance wajen milimita 14. Haka kuma akwai sunan samfurin da aka gwada wa mutum, da ranar da aka yi awon, da ranar da takardar za ta daina aiki.

Ko ƙarfin ma yakan bambanta. Tabarau yana zama ne kimanin milimita 12 daga ido, shi ya sa idan ƙarfi ya haura diyofta 4 sai an yi lissafi an sauya shi. Alal misali, wanda tabaransa yake -6.00, gilashin mannensa zai dawo wajen -5.50. Lanƙwasar kuwa ana iya kwatanta ta da girman hula. Idan gilashin ya matse, hawaye ba za su zagaya ƙarƙashinsa su wanke datti ba. Idan ya yi sako-sako, zai riƙa zamewa yana gurzar koniya duk ƙiftawa. Sunan samfuri shi ma yana da muhimmanci, domin kamfanoni biyu za su iya rubuta lamba ɗaya a kwali, amma robar da yawan iskar da take bari ta wuce su bambanta.

3.3 Wa'adin Takardar

Ƙasashen da aka fi yawan sa wannan gilashi sun shigar da batun wa'adi cikin doka. A Amurka, majalisar dokoki ta zartar da doka a 2003, hukumar kula da ciniki ta ƙasar kuma ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2004. Dokar ta wajabta wa mai awo ya miƙa wa mutum kwafin takardarsa da zarar an gama gwada masa gilashin, ta kuma ce wa'adin takardar ba zai gaza shekara ɗaya ba, sai fa idan akwai dalilin lafiya da mai awon ya rubuta. An bar wa jihohi damar tsawaitawa, kuma wasunsu sun kai shi shekara 2. A Ingila, ƙarƙashin dokar masu awon ido ta 1989, takardar da ake ba mutum dole ta ɗauki ranar ƙarewa, kuma ba a yarda a sayar masa da gilashi da ita bayan wannan rana ba. A al'ada wa'adin yakan kasance daga shekara ɗaya zuwa biyu.

A Nijeriya, Doka ta 34 ta shekarar 1989 ce ta kafa hukumar yi wa masu awon ido da masu haɗa tabarau rajista, wadda ta ɗora wannan aiki a kan wanda ya koya kuma ya yi rajista. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke da alhakin kula da kayan aikin lafiya da ake shigowa da su. Shawarar da masu awon ido suka saba bayarwa ita ce mai sa gilashin manne ya dawo a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Sai dai duk wanda ya shiga shagunan kayan kwalliya a Kaduna ko Zariya ko Kano, ko ya leƙa tallace-tallacen Instagram da WhatsApp, ya san ana sayar da gilashin ba tare da an tambayi wata takarda ba. Wato a nan ƙasar, mai gilashin ne kaɗai zai tsare wa kansa wa'adin.

To me ya sa aka yanka wa'adin? Wasu suna zargin dabara ce ta masu awo domin a riƙa komawa ana biyansu kuɗi. Zargin ba zai rasa tushe gaba ɗaya ba, domin ita kanta dokar Amurka ta 2003 an yi ta ne saboda wasu masu awo suna riƙe takardar don tilasta wa mutum ya saya a wurinsu. Amma dalilan lafiya suna nan, kuma sun kasu biyu. Na farko shi ne ƙarfin gani yana sauyawa. Matsalar rashin ganin nesa takan ci gaba da ƙaruwa ga matasa har su shiga shekara ashirin da wani abu. Daga wajen shekara 40 kuma ganin kusa yakan fara raguwa. Juna biyu da ciwon sukari su ma suna iya sauya awon.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne wanda mai gilashin ba ya iya ganowa da kansa. Idan koniya ta daɗe ba ta samun isasshiyar iska, sai ƙananan jijiyoyin jini su fara kutsowa cikinta daga gefe, ba tare da wani zafi ba. Cikin fatar ido ta sama yakan yi ƙuraje saboda gogayya da dattin da ya taru a jikin gilashin. Hawaye sukan ragu. Daɗin daɗawa, daɗewar sa gilashin tana iya dakusar da jin koniya, ta yadda ƙaramin rauni da zai hana wani barci, shi ba zai ji shi sosai ba. Duk waɗannan ba a ganinsu a madubin ɗaki. Sai an zaunar da mutum gaban na'urar haske mai ƙara girman ido, an ɗiga masa wani ruwan rini rawaya da ke fito da duk inda aka kurje, an kuma juya fatar idon an duba cikinta. Saboda haka a ra'ayin mai wannan bincike, ranar ƙarewar da ke jikin takardar sammaci ce ta komawa a duba ido. Wanda ya ce ai har yanzu yana gani garau, ya amsa dalili na farko ne kawai.

Ya kamata a lura cewa wa'adi uku ne ke tattare da wannan gilashi, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai na takarda, wanda aka yi bayani. Akwai ranar da ke jikin kwali, wadda ke nuna iyakar lokacin da kamfani ya lamunce cewa gilashin da ruwan da yake ciki suna da tsabta muddin ba a ɓare murfin ba, kuma wannan takan kai shekaru. Sai na uku, wato kwanakin da gilashin zai yi bayan an buɗe shi: yini ɗaya, ko mako 2, ko wata ɗaya. Wannan na ukun daga ranar buɗewa ake ƙirga shi. Gilashin wata ɗaya da aka buɗe ranar sallah aka sa sau biyu kacal, idan wata ya zagayo ya mutu, ko da ranar da ke jikin kwalinsa tana da sauran shekara 3. Shi ma ruwan wanki yana da nasa kwanakin bayan an buɗe kwalba, kamar yadda aka rubuta a jikinta, ɗan akwatin ajiya kuma ana sauya shi duk wata 3.

3.4 Ruwa da Barci da Ƙura

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar Kutemeshi da ke karatu a Zariya, wadda aka auna ta a can aka ba ta gilashin wata-wata, sannan ta dawo gida hutu. Ƙa'idojin da aka faɗa mata ba su sauya ba, amma kiyaye su ya ƙara wuya.

Abu na farko shi ne ruwa. Ƙa'idar ita ce kada ruwa kowane iri ya taɓa gilashin ko akwatinsa, na rijiya ne ko na burtsatse ko na famfo ko na leda. Dalili shi ne wata ƙwayar halitta mai suna Akantamiba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa. Shanta a ruwa ba ya cutar da mai lafiya, amma idan ta maƙale tsakanin gilashi da koniya sai ta shiga cin tantanin. Idan ta ji wuya takan dunƙule ta yi ɓawo, ta yadda sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe ta, kuma maganinta yakan ɗauki watanni. A shekarun 1980 cutar ta yawaita a Amurka tsakanin waɗanda ke haɗa ruwan gishiri da kansu a gida domin jiƙa gilashi. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin ruwan ɗumi da gishiri shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a gidajenmu idan ruwan wanki ya ƙare, kuma ba abu ne da za a shiga kowane kemis na ƙauye a samu ba. Yawu ma haka, cike yake da ƙwayoyin cuta. Haka nan ba a ƙara sabon ruwan wanki a kan na jiya. Zubar da tsohon ake yi, a goge akwatin da sabon ruwan wanki, a kife shi ya bushe.

Batun ruwa ya taɓo alwala, wadda ake yi sau da dama a yini. Malaman fiƙihu ba su wajabta shigar da ruwa cikin ƙwayar ido ba, don haka mai gilashi zai iya rufe idanunsa sosai yayin wanke fuska. Wajen wanka kuwa cire shi ya kamata a yi. Kuma duk lokacin da za a taɓa shi, sai an wanke hannu da sabulu an kuma tsane shi sarai, domin jiƙaƙƙen yatsa ya ɗauko ruwan da ake gudu.

Abu na biyu shi ne barci. Idan ido ya rufe, iskar da koniya ke samu ta ragu dama, to ina ga an ƙara mata roba a kai. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1989 ya gano cewa a cikin mutum 10,000 masu sa gilashi mai taushi da rana su cire da dare, kimanin 4 ne ke samun gyambon koniya a shekara, amma a cikin masu kwana da shi adadin ya kai kimanin 21. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce barci da gilashin yana ninka haɗarin sau 6 zuwa 8. Waɗannan alƙaluma an same su ne a inda asibiti ke kusa da ƙofar gida. Barcin da ake magana ya haɗa da ƙailula bayan azahar da gyangyaɗi a mota.

Na uku shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da hawaye, kuma lokacin ne ake sussuka da casa da sheƙa. Tsakuwa ko ƙaiƙayi da ya shiga idon da babu gilashi, hawaye sukan wanke shi. Idan kuwa ya shige ƙarƙashin gilashi, sai ya zauna yana kartar koniya. Raunin da tsiro ya jawo ƙofa ce ta cutar fumfuna, wadda dama sananniya ce tsakanin manoma a ƙasashe masu zafi. Hayaƙin murhu da feshin maganin gona su ma gilashi mai taushi yana tsotse su ya riƙe. Game da kwalli kuwa, tun da a bakin fatar ido ta ciki ake zizara shi, kai tsaye yake hawa kan gilashin, kuma tsinken da 'yan ɗaki ɗaya ke karɓa-karɓa da shi yana iya yaɗa afolo.

3.5 Gilashin Kwalliya

Gilashin da ya fi saurin isa hannun wanda bai taɓa ganin mai awon ido ba shi ne mai launi, wanda ba shi da ƙarfin gyara gani, sai dai ya mayar da ido ruwan zuma ko ruwan toka. Da yake ba magani ake nema da shi ba, sai ake ɗaukarsa kamar jan baki ko gashin ido na kanti. Amma wurin zamansa ɗaya ne da na gyaran gani, kuma yana buƙatar awon lanƙwasa da faɗi kamar wancan. Wannan ne ya sa Amurka ta yi doka a 2005 wadda ta sa shi cikin kayan aikin lafiya da ba a sayarwa sai da takarda.

Idan aka dubi yadda biki ke gudana, za a ga kusan duk ƙa'idojin suna karyewa a yini guda. Mai kwalliya ce ke sa wa amarya gilashin da hannun da ya gama shafa hoda. Amarya ba ta iya cire shi da kanta ba, ga lalle ga dogayen farata. Za ta wuni da shi, ta yi kuka da shi, wataƙila ta kwana da shi. Idan kuwa aka yi rashin sa'a gilashin na haya ne ko na aron ƙawa, to an ɗauko abin da ke idon wata an kawo mata.

3.6 Idan Ido ya Yi Ja

Alamomin da ba a wasa da su su ne jan ido, da zafi, da ƙin haske, da dushewar gani, da kwantsa, da ganin ɗan farin ɗigo a kan baƙin ido. Abin yi shi ne a cire gilashin nan take, kada a mayar, kada a ɗaure idon, a kuma adana gilashin da akwatinsa a tafi da su asibiti, domin daga jikinsu ake iya gano ƙwayar cutar. Nonon mace da ruwan sukari da ruwan albasa da ake ɗigawa a gida ƙara ɓarna suke yi. Haka ma wasu magungunan ɗigo na kemis masu ɗauke da sinadarin siteroyid, waɗanda ke kwantar da ja mutum ya zaci sauƙi ya samu, alhali sun karya garkuwar ido cutar tana ci ta ƙarƙashi.

A nan ne nisa ya zama babban al'amari. Ƙwayar cutar Sudomonas, wadda ke kan gaba wajen kama masu gilashin manne, tana iya lalata koniya cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ko an warke takan bar hakiya. Wuraren da ke da na'urori da ƙwararrun wannan ciwo su ne irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa da doka a 1979, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Daga garin Birnin Gwari kaɗai zuwa Kaduna an haura kilomita 100, kuma hanyoyin yankin sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga kafin sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024. Ko hanya lafiya lau take, wanda idonsa ya fara zafi da magariba a Kutemeshi sai ya jira gari ya waye, ya nemi kuɗin mota da ɗan rakiya, kuma kafin ya zauna gaban likita wataƙila rabin kwanakin nan biyu sun tafi.

Bisa wannan dalili, ɗalibar da aka kawo misalinta ya fi mata ta sa ranar awonta na shekara ta faɗo kafin hutu, tun tana kusa da mai awon. Ta tabbatar tana da tabarau mai awon da ya dace da idonta na yanzu, domin mafi yawan masu mayar da gilashi a kan jan ido suna yin haka ne saboda ba su da abin da za su gani da shi idan sun cire. Idan tana da hali, ta nemi a gwada mata na yini ɗaya domin kwanakin sallah da biki, tun da shi ba ya buƙatar ruwan wanki ko akwati. Idan kuwa hutun ya faɗo cikin hunturu, ta bar gilashin a rufe cikin kwalinsa, ta yi zamanta da tabarau har ta koma makaranta.